Mai Gidaje, Direban Inshora

A kamfanin inshorar da yake aiki ba mai kiransa da sunan yanka. Mai Gidaje ake ce masa, tun daga manaja har mai shara, kuma duk baƙon da ya ji sunan sai ya sake kallonsa sama da ƙasa, don mutum ne da ya tsufa a gidan haya, ciki biyu da falo, ko filin da akuya za ta kwanta bai taɓa mallaka ba. Gidajen nasa na takarda ne. Da rula da fensir yake zana su, ƙanana ƙanana kamar gidan dara, wasu ya shafe su da baƙin biro, sauran ya bar su farare don a zuba haruffa, wata kalma ta kwanta, wata ta tsaya ta ratsa ta. A gefe kuma ya jera tambayoyin da amsarsu ce za ta cike gidajen.

Direban manaja ne. Wanda bai taɓa aikin ba yana zaton tuƙi ne, alhali tuƙin kaɗan ne, jiran ya fi yawa. A jira a bakin banki, a jira a harabar otal ana taro, a jira a ƙofar makarantar yara. Sauran direbobi sukan kwantar da kujera su yi barci, ko su haɗu a gindin bishiya ana gulmar iyayen gida. Shi barcin rana ba ya ɗaukarsa, gulmar kuma ta gundure shi tun yana saurayi. Wata rana manajan wancan lokacin ya bar jaridar Turanci a kujerar baya, an ninke ta daidai kan irin waɗannan gidaje, an cike rabi an bar rabi. Ya juya ta ya sake juyawa bai gane kanta ba, sai da sakatariya ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Ya gwada. Turancinsa na allon hanya ne da takardun mota, don haka kalma biyu ko uku ya samu ya tsaya cik. Amma abin ya zauna masa a rai. Ya ce me zai hana a yi irinsa da harshen da mutum ya sha a nono.

Bai san abin da ya jawo wa kansa ba. Kalmominmu kusan duk da wasali suke ƙarewa: kujera, madubi, tsintsiya, bokiti. In ka jera su a tsaye kusa da juna, layin ƙasa sai ya tashi a, i, a, i, kamar kukan jariri, kuma ba kalmar da ake rubutawa haka. Dole sai an nemo 'yan tsirarun da ba su bi wannan hanya ba, irin su kullum, tilas, mutum, tebur. Waɗannan ya haddace su kamar yadda ya haddace ramukan titin ofis. Ya kuma ƙara wa kansa wahala da dokokin da ba wanda ya ɗora masa. Baƙaƙen gidaje su zama kaɗan. In an juya takardar ƙasa ta koma sama, su faɗa daidai inda suke. Sannan babbar dokar, kada wasan ya zama a kan wani abu guda.

Wannan ta ƙarshe ita ce mutane suka kasa ganewa. Duk wanda ya miƙa wa takarda sai ya tambaya, "A kan me yake?"

"Ba a kan komai ba."

"To meye amfaninsa?"

Ya gaji da bayani. Shi abin da yake burge shi shi ne tsintsiya ta ratsa tausayi, makanike ya haɗu da ayaba, ba dangin iya ba na baba, sai harafi ɗaya da ya haɗa su. In ka ce wa mutum duk amsoshin dabbobi ne, ai ka riga ka ba shi rabin amsa. Sau ɗaya manaja ya sa shi ya yi na inshora zalla don mujallar ƙarshen shekara ta kamfani. Ya yi, don ba ya iya ce wa manaja a'a, amma da ya ga gobara da asara da diyya sun jeru kamar masu zaman makoki, bai ko ajiye kwafinsa ba.

Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Ba ta taɓa hana shi ba, ba ta kuma taɓa cike ko gida ɗaya ba. In ya baje takardu a tebur takan ɗago kai ta ce, "Maigida, yau kuma wace unguwa ake ginawa?"

"Ki bari dai. Kusurwa ɗaya ta rage."

"Tun da na aure ka kusurwa ɗaya ta rage. In an gama a ba mu ko ɗaki ɗaya mu zuba kaya."

Ita ce take tsince masa garin robar goge fensir daga shimfiɗa, ita ce kuma take ɓoye rularsa in jikoki sun zo.

Ginin wasan wahala ne, amma samun mai cikewa ya fi shi wahala. Yakan kai shagon hoto a buga masa kwafi, ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa, ya bi yana ajiyewa: shagon aski, kantin magani, ɗakin jiran likitan haƙori, teburin masu gadi. Da ya koma shagon aski bayan sati, ya tarar da mai askin yana kakkaɓe gashi daga injinsa a kan takardar. Mutumin ko kunya bai ji ba, ya ce, "Takardarka tana da kyau, Mai Gidaje, ba ta yagewa." A ofis kuwa akwai wani akawu da yake cikewa cikin minti kaɗan, ya kawo yana murmushi. In kalma ta fi gidajen tsawo sai ya cusa haruffa biyu a gida ɗaya, in ta gaza ya bar sauran fanko. Aka tambaye shi abin da yake tafiya kullum bai taɓa barin bango ba, ya rubuta ƙadangare, ya zarce har cikin baƙin gida. Amsar agogo ce. Mai Gidaje ya karɓi takardar, ya yi godiya, ya je mota ya zauna ya rufe gilashi.

Shekarar da ya fi sa rai ita ce wadda ya samu ganin editan wata ƙaramar jarida mai fita mako-mako. Ya je ofishinsu a ranar hutunsa, ya sa rigarsa mai kyau, ya hau bene mai warin tawada. Editan mutum ne mai fara'a, yana magana yana amsa waya biyu. Ya duba takardar ya ce abin ya yi kyau, sai dai da za a yi shi a kan tsafta, da kamfanin sabulu ya ɗauki nauyi. Mai Gidaje ya ce shi ba ya yi a kan komai. Suka ja, suka ja, daga ƙarshe editan ya ce to ya bari, za a gwada sau ɗaya a gani.

Ya zaɓi wanda ya fi so cikin duk abin da ya taɓa ginawa, wanda layin ƙasansa kaɗai ya ci masa watanni. Ya gaya wa kowa ranar da zai fito. Masu gadi suka saya, sakatariya ta saya, matarsa ta aiki a sayo mata biyu. Da ya buɗe shafin a bakin mai jarida, sai da ya jingina da mota. An matse gidajen sun zama dogaye kamar tagogin asibiti. Duk harafi mai lanƙwasa a cikin tambayoyin ya koma alamar tambaya, ƙofa ta zama wani abu da ba ya karantuwa. Layin ƙasa kuwa babu shi gaba ɗaya, an yanke shi don tallar katifa ta samu wuri. Ya kira editan. Editan ya ce, "Layi ɗaya ne fa, Malam. Ai sauran duk suna nan." Ya buɗe baki zai yi bayanin cewa duk kalmomin da suke tsaye yanzu ba su da ƙafa, sai ya ji wayar ɗayan kunnen ta yi ƙara, aka ce masa za a kira shi. Har yau ba a kira ba.

'Yarsa ta fari, wadda take aikin jinya, ta ga yadda ya koma shiru a gida, ta ce, "Baba, ka rabu da jarida. Yanzu kowa a waya yake." Ta buɗe masa zaure a waya, ta zuba 'yan uwa da abokan aikinta da duk wanda ta samu lambarsa, ta koya masa ɗaukar hoton takarda ba tare da inuwar hannunsa ta faɗa a kai ba. Satin farko aka yi ta sa masa albarka. Sati na biyu wani ya fara tallar turare. Kafin wata ya ƙare zauren ya cika da barka da safiya mai hoton fure, da cigiyar waya, da musun ƙwallo. In ya saka sabon wasa, sai ya nutse a ƙarƙashin gaisuwa kafin azahar. Wani ƙanin matarsa ne kaɗai yake amsawa kullum, shi ma abu ɗaya yake rubutawa: "Yaya, a turo amsoshin mu gani."

Ana cikin haka wata rana, yana zaune a mota a bakin banki, wata baƙuwar lamba ta kira shi. Muryar tsohuwa ce, a tsaye take, ba gaisuwa mai tsawo.

"Kai ne mai ajiye takardu a wurin likitan haƙori?"

"Ni ne, Mama."

"Na cike. Ta goma sha ɗaya a kwance ba daidai ba ce. Ka ce abin da ake zama a kai mai ƙafa huɗu, ka sa kujera. Jaki fa? Gado fa? Tambaya ai amsa ɗaya ya kamata ta karɓa."

Ya gyara zama. Bai ji sukar ba sam, kalma ɗaya ce ta shige shi. "Mama, kin ce kin cike? Duka?"

"Da me zan yi da shi? Likitan ya shanya ni tun safe."

Daga baya ya san ko wace ce. Ta yi aikin buga takardu a kotu har ta yi ritaya, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, tana zaune a wani gida mai baranda tare da 'yar ƙanwarta. Ya fara kai mata kowane sabon wasa da kansa in ya tashi aiki da wuri. Takan sa tabarau, ta ɗauki jan biro, ta cike yana zaune yana shan ruwan da aka kawo masa. Ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Abin da yake samu shi ne, "Ɗan nan, kai ba ka da wurin zuwa sai ofis? Wasa uku ke nan a jere ina cin karo da ofis." Ya yi mata bayani cewa kalmar da ta fara da wasali ta ƙare ba da wasali ba zinariya ce a wannan aiki. Ta ce wannan matsalarsa ce, ba ta mai cikewa ba. Yakan fito daga gidan ransa a ɓace, yana rantsuwa a zuci ba zai sake zuwa ba, sai kuma ya kama kansa yana gina na gaba yana tunanin inda za ta kama shi.

Saboda ita ya ɗauko babban aikin da ya daɗe yana tsoro: wasa mai faɗi, baƙaƙen gidaje 'yan kaɗan, dogayen kalmomi a kwance ɗaya bisa ɗaya. Ya kusa shekara a kansa. Kusurwa uku suka cika, ta huɗu, ta ƙasa a hannun dama, ta ƙi. Ya goge ta har takardar ta huje, ya sake zanawa a sabuwa. Ya rushe rabin wasan don ya canza harafi ɗaya, ya dawo ya tarar da wata matsalar a wani wurin. Har a tuƙi abin yana binsa. Ranar nan fitilar titi ta ba da hannu bai tashi ba, yana karanta allon wani shago yana ƙirga haruffa, sai da manaja ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Mai Gidaje, lafiya?" A shekarunsa na aiki ba a taɓa yi masa wannan tambayar a kan titi ba, ya ji kunya ƙwarai.

Daga ƙarshe ya gaji. Gurbin da ya rage kalma ɗaya ce take shigarsa, ita ma ba cikakkiya ba: inuwar. Ya san inuwa ce kalmar, ragowar harafin jingina ne kawai da yake jiran wata kalma ta biyo baya. Shekara da shekaru yana ƙin irin wannan, yana kiransa ha'inci. Ya rubuta, ya yi mata tambaya mai ɗan wayo, ya ce wataƙila ta wuce.

Mama ta ɗauki wasan ta daɗe a kansa fiye da yadda ta saba. Ya ga biron yana tafiya yana tsayawa, ya ga ta yi ɗan murmushi a wani wuri ta yi maza ta haɗiye. Da ta iso kusurwar ƙasa sai ta cire tabarau.

"Inuwar me?"

"Mama, ai tambayar ta nuna..."

"Inuwar me, na ce. Bishiya? Bango? Ka bar kalma baki buɗe kamar wanda aka katse wa magana. Wannan rabin kalma ce."

"Gida ɗaya ne cikin duk wannan. Shekara na yi ina..."

"Ni ban ce ka yi shekara ba."

Abin da ya daɗe yana tarawa ya taso masa. Bai ɗaga murya ba, don ba a haka aka rene shi ba, amma ya ce mata gyara da jan biro ba wuya, duk wanda yake zaune a baranda zai iya. Ya ce in tana ganin sauƙi ne da shi, ga rula ga fensir. Ya ajiye su a kan tebur, ya yi mata sai an jima, ya fita ko ruwan bai sha ba.

Ya daina. Ya tattara takardun ya zuba a kwali ya tura ƙarƙashin gado. A wurin jira ya koma gindin bishiya cikin direbobi, yana jin labarin wanda matar ubangidansa ta zage shi da wanda aka hana kuɗin mai. Matarsa ta lura tebur ya zauna fes, ta ce, "Maigida, an daina gini ne? Ko siminti ya yi tsada?" Ta dube shi ta ci gaba da ɗinkinta, ba ta sake tsokanarsa ba, wannan kuma ya fi tsokanar damunsa.

Watanni suka wuce. Wata Asabar da hantsi 'yar ƙanwar Mama ta yi sallama a ƙofar gidansu, ta miƙa masa ambulan da rularsa, ta ce an ce ba sai ya ba da amsa ba. A ciki takarda ɗaya ce. An zana gidaje da hannu, ƙanana ne ba su kai rabin nasa ba, baƙaƙen sun yi yawa har wani gefen kamar haƙoran da suka zube. Tambayoyin kuwa an buga su da tsohuwar tafireta, a jere tsaf, an bi kowane harafi mai lanƙwasa an sa masa ƙugiyarsa da biro. A ƙasa an rubuta: "Na gwada. Ba sauƙi. Amma babu rabin kalma a ciki."

Ya zauna a falo da takardar a hannu. Sai a lokacin ya tuna cewa tunda yake bai taɓa cike irin wannan wasa da harshensa ba, don ba wanda ya taɓa gina masa. Kullum shi ne mai riƙe da amsa. Ya feƙe fensir yana cewa a ransa kafin shayinsa ya huce zai gama.

Shayin ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa. Ya samu wasu, amma tsakiyar ta tsaya masa. Ya ga ashe mutum yana iya kallon fararen gidaje biyar ya ji kamar ana yi masa dariya. Ya tashi ya zaga tsakar gida ya dawo. Ya fara karantawa a fili yana jan tsaki.

"Wai abin da uwa take taɓawa ta san yaro ba shi da lafiya. Wannan wace irin tambaya ce? Jijiya ba ta shiga. Ma'aunin zafi ya yi tsawo. Ciki ya gaza."

Matarsa tana kan keke, allura a baki, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta cire allurar ta ce, "Goshi."

"Ban tambaye ki ba."

"To. Ai na ji kana ta fama ne."

"Kuma ba zai shiga ba. Goshi gida huɗu ne, nan biyar ne." Shi a ƙa'idarsa, sh harafi ɗaya ne, gida ɗaya yake ba shi.

"Ka raba su mana ka gani. Karanto min ta gaba."

"Shekara nawa ina ajiye miki nawa a kan wannan teburin, ko kallo ba ki taɓa yi ba."

"Naka in na karanta sai in ji kamar ana yi min jarrabawa. Wannan kuwa kamar hira take yi da mutum. Karanto."

Bai karanta ba. Ya jira har ta tashi ta shiga kicin, sannan ya sunkuya ya rubuta goshi, harafi ɗaya a kowane gida. Ya zauna daram, har ya buɗe masa kalmomi biyu da suke tsaye. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗauki waya ya fita ƙofar gida inda ba za a ji shi ba.

Ta ɗauka a bugu na farko, kamar wayar tana hannunta.

"Mama, ina wuni. Na ga saƙo. Wa ya ce miki ana raba sh gida biyu?"

"A tafireta sau biyu nake bugawa. Ka gama?"

"Ban gama ba. Kuma baƙaƙen gidajenki sun yi yawa, in aka juya takardar ba sa faɗawa daidai."

"Na sani. Ka gama tukuna, sannan ka zo ka faɗa min a gabana. Ka taho da naka ma, wancan mai faɗin. Na ga wata hanya a kusurwar, amma sai ka rushe layi uku."

Ya ce mata layi ukun nan su ne mafi kyau a duk wasan, ba zai taɓa su ba. Ta ce to ya zauna da rabin kalmarsa. Suka yi sallama kowa bai gamsu ba. Ya koma ciki, ya durƙusa yana jawo kwalin daga ƙarƙashin gado, gwiwarsa tana ƙara, matarsa kuma tana kiransa daga kicin tana tambayar me aka ce a ta bakwai a tsaye.